Amfiya ce ke ƙona waya

Da zarar magariba ta kawo jiki a yawancin unguwanninmu, sai wutar lantarki ta canja hali. Fanka ta koma juyi kamar mai gyangyaɗi, firji ya riƙa ƙugi yana tsayawa, dutsen guga ya ƙi ɗaukar zafi. Sai ka ji ana cewa yau rabin wuta aka kawo, masu ɗan Turancin kan titi kuma su ce "low current". Wannan suna na biyu ya daɗe yana ba ni dariya, don abin da ya ragu daban, abin da aka ambata daban. Matsin wutar ne ya sauka. Ita kuwa kwararar da sunan yake nufi, a cikin injin firjin nan mai ƙugi hauhawa take yi a daidai wannan lokaci, kuma ita ce za ta ƙona shi idan ba a kashe ba.

Tushen rikicin kalma ɗaya ce da muke yi wa abubuwa huɗu kuɗin goro da ita. Wuta ta yi ƙarfi, wuta ta yi rauni, abu kaza yana shan wuta. Mai gyaran wuta da ya san aikinsa ba ya cakuɗa su haka. Akwai matsi, wato ƙarfin da ke tura wutar, da bolt ake auna shi, a lissafi ana rubuta shi da harafin V. Akwai kwarara, wato yawan wutar da ke ratsa waya a kowace daƙiƙa, da amfiya ake auna ta, harafinta I. Akwai turjiya, wato yadda waya ko na'ura ke ƙin bari wutar ta wuce, ma'auninta om, harafinta R. Sai na huɗu, ƙarfin aiki, wanda ake rubutawa da wat a bayan kowace na'ura, harafinsa P.

Tankin ruwa na saman gida ya isa misali. Tsayin da aka ɗora tankin shi ne matsi, ruwan da ke zuba a bakin famfo shi ne kwarara, ƙuncin bututu kuma shi ne turjiya. Ka ƙara wa tanki tsawo, ruwa ya ƙara gudu. Ka sa siririn bututu, gudu ya ragu. Inda misalin ya gaza wuri ɗaya ne: bututu in ya fashe ruwa zuba yake yi, waya kuwa in ta yanke wuta tsayawa take cak, don sai da hanyar komawa take tafiya. Shi ya sa wayoyi biyu ne ke zuwa kowace na'ura, kuma duk sanda za a lissafa turjiyar waya sai an ninka tsawonta biyu, zuwa da dawowa.

Wanda ya gano yadda ukun farko suka ɗaure da juna malamin makaranta ne a birnin Kolon na ƙasar Jamus, Georg Simon Ohm. Ɗan maƙerin kwado ne, kuma da hannunsa ya riƙa haɗa kayan gwajinsa. Baturan zamaninsa ba su da tabbas, matsinsu yana sauka ana cikin awo, sai ya koma samar da wuta ta hanyar haɗa ƙarfe iri biyu, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. A 1827 ya wallafa sakamakonsa. Manyan malaman ƙasarsu suka yi masa riƙon sakainar kashi, har ya ajiye aikin koyarwarsa, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa layi ɗaya ne:

V = I × R

Matsi daidai yake da kwarara sau turjiya. In ka san biyu, na ukun ba ya ɓuya: kwarara ita ce matsi a raba da turjiya, turjiya kuma matsi a raba da kwarara. Ƙarfin aiki shi ma layi ɗaya ne, P = V × I, bolt sau amfiya ya ba ka wat. In aka ari na farko aka sa a cikin na biyu, sai a sami wasu fuskoki biyu na magana guda: P = V² ÷ R, da kuma P = I² × R. Wannan 'yar lamba 2 da ke maƙale a sama, ma'anarta a ninka abu da kansa, kuma kusan duk gobarar lantarki da ka taɓa ji a cikinta take kwance.

Ɗauki butar dafa ruwa da aka rubuta wa wat 2,000. Matsin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne a ƙa'ida. Raba 2,000 da 230, ka sami amfiya 8.7, ita ce kwararar da butar ke ja. Raba 230 da 8.7, ka sami om 26 da ɗoriya, ita ce turjiyar ƙarfen da ke cikinta. A cikin lambobin nan, turjiyar ce kaɗai mallakin butar, da ita aka ƙera ta. Wat 2,000 ɗin alkawari ne mai sharaɗi, sai an ba ta bolt 230 take cika shi.

To, yanzu magariba ta yi, matsi ya sauka zuwa 160. Raba 160 da turjiyar nan, kwarara ta koma amfiya 6. Ninka 160 da 6, ƙarfi ya koma wat 960 ko kusa da haka. Matsi bai rasa ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafi ya rasa fiye da rabi, ruwan da ke tafasa a minti biyar sai ya haura goma. Ashe masu cewa rabin wuta sun fi masu Turancin kusa da gaskiya.

Lissafin nan in ya juya ta ɗaya ɓangaren ya fi muni. A Amurka matsin gida bolt 120 ne. Wanda ya sayi dutsen guga na gwanjo mai wat 1,000 da aka ƙera don can, turjiyarsa om 14.4 ce. Ya zo ya soka shi a bolt 230, sai ya fitar da wat kusan 3,700, ninki uku da rabi da ɗoriya na abin da aka gina shi ya ɗauka. Ba ya kai labari. Haka ma ranar da wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta yanke a layin unguwa, wasu gidaje matsinsu ya yi sama ya doshi bolt 400. Ninka 400 da kanta ka gwada da 230 da aka ninka da kanta, za ka ga ninki uku ne. Ranar ce ake kwashe talabijin da caja da ƙwayayen fitila zuwa bola a layi guda.

Me ke sauke matsin da yamma tun farko? Dokar Ohm ce dai. Wayar da ta taso daga taransfoma zuwa ƙarshen layi ita ma tana da turjiyarta, ko da kaɗan ce. A ce rabin om ce. Da hantsi, gidaje kaɗan ne ke aiki da wuta, amfiya 20 ke bin layin, sai bolt 10 ya salwanta a hanya, ba wanda zai lura. Da yamma kowa ya dawo, an kunna hita da risho na lantarki da injin ruwa, kwarara ta kai amfiya 120, abin da ke salwanta a hanya ya zama bolt 60. Gidan da ke gindin taransfoma yana shan wutarsa lafiya, na ƙarshen layi yana ganin 170. Bolt 60 ɗin nan ba ɓacewa ya yi ba, zafi ya zama a jikin wayar da ke kan falwaya.

Yanzu sai mu koma kan firji. Buta da dutsen guga da hita turjiya ce zalla, in matsi ya ragu sai su rage ci, ba abin da zai same su. Injin da ke juyawa halinsa daban. Nauyin da aka ɗora masa ba ya raguwa don wuta ta yi rauni, ruwan bohol ɗin nan sai an ɗago shi daga zurfin da yake. Tunda aikin yana nan yadda yake, kuma aiki shi ne bolt sau amfiya, in bolt ya sauka dole amfiya ta hau ta cike gurbi. Injin da ke bukatar wat 750, a lissafi mai sauƙi yana jan amfiya 3.3 a bolt 230, a bolt 160 kuwa sai ya ja 4.7. Bambancin kamar ba yawa. Amma zafin da ke taruwa a cikin naɗin wayarsa da I² yake tafiya, ninka kowace da kanta ka ga zafi ya ninka biyu. In kuma matsin ya yi ƙasa har injin ya kasa tashi, ƙugin nan da kake ji ke nan, to a tsaye yake yana jan ninki biyar ko shida na abin da ya saba. Fentin da ya raba zaren wayar da juna ya narke, sai a kai wa mai sake naɗa wayar inji.

Sitabilaiza tana ceton firji, ba musu. Sai dai ba ta ƙirƙirar wuta daga iska. Tana ɗaga bolt ne ta hanyar jan ƙarin amfiya daga layi, ƙarin amfiya kuma ƙarin faɗuwar matsi ne ga maƙwabta. Unguwar da kowane gida ya sayi tasa, kowa na jan bargo ɗaya ne zuwa gefensa.

A ganina, inda rashin wannan lissafi ya fi yi mana ɓarna shi ne a kan waya ta cikin gida. Mutum zai tsaya ya yi ciniki a kan tayil da fenti, amma waya, wadda za a binne a bango ba mai ganinta, sai ya ce a kawo mai sauƙi. Turjiyar waya abu uku ke yanke ta: tsawo, kauri, da irin ƙarfen. Wayar jan ƙarfe da masu aikin ke kira mai 2.5, wato ma'aunin kaurinta, wadda ake jan soket da ita, kowace mita 1,000 tata om 7 ce da ɗan kai. Mai 1.5 ta fitilu om 12 ce. Siririyar da ke jikin yawancin ekstenshan masu arha, mai 0.75, ta kai om 24 ko fiye.

A ce ekstenshan ɗin mita goma ne, zuwa da dawowa ashirin, turjiyarsa kusan rabin om. Ka jona talabijin da fanka da cajar waya, duka amfiya 2. Biyu sau biyu huɗu, sau rabi, wat 2 ne ke zama zafi a jikin wayar, ko ɗumi ba za ta yi ba. Ranar da aka jona buta da dutsen guga a kansa, kwarara ta kai amfiya 13. Sha uku sau sha uku 169, sau rabi, wat 85 ke nan. Kwarara ta ninka sau shida da rabi, zafi ya ninka fiye da sau arba'in. In wayar a miƙe take a fili, ta yi laushi ta yi wari. In a naɗe take, ko an shimfiɗa kafet a kanta, zafin ba shi da mafita. Wani Bature ɗan Ingila, James Prescott Joule, shi ne ya auna wannan a wajajen 1840, yana tsoma waya a ruwa yana duba yadda ruwan ke ɗumama, ya tabbatar da cewa zafi yana bin kwarara ne in an ninka ta da kanta.

Sannan ga matsalar wayar jabu, wadda hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta daɗe tana kuka da ita. Wata a jikin robar an rubuta 2.5, in ka fere ka ga ba ta kai ba. Wata alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, ka kankare da wuƙa ka ga fari a ciki. Alminiyam ba laifi ba ne a kan kansa, da shi ake jan manyan layukan kan falwaya, amma turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, don haka sai an ƙara masa kauri. In an sayar maka da shi a kaurin jan ƙarfe da sunan jan ƙarfe, an sayar maka da hita ce a cikin bango.

Mafi haɗari ma ba doguwar wayar ba ce, mahaɗa ce. Kusar soket da ba a ɗaure ba, ko waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, wurin taɓawarsu ƙarami ne, ga tsatsa tana ƙaruwa. In turjiyar wurin ta kai rabin om, amfiya 10 ta bi ta kai, wat 50 ne zai taru a wurin da bai kai kan yatsa ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, da yawa wat 30 ko 40 ne. Baƙin da kake gani a bakin soket, asalinsa ke nan. Fis kuma ba zai ce komai ba, don amfiya 10 ba ta wuce ƙa'idarsa ba.

Shi fis ɗin, siririyar waya ce da aka ƙera da gangan ta zama mafi rauni a layi. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi, babban fis ɗinsa amfiya 13 ne, wato abin da bai wuce wat 3,000 ba a bolt 230. Idan waya mai rai ta taɓa nutiral kai tsaye, turjiya ta faɗi kusan babu, raba 230 da ɗan abin da ya rage ka ga ɗaruruwan amfiya a ƙiftawar ido. Fis ya narke, magana ta ƙare. Wanda ya cire shi ya cusa guntun waya mai kauri ko takardar azurfa ta kwalin taba, ya miƙa aikin narkewar ga wayar da ke cikin silin.

Masu sola su ma wannan 2 ɗin ke cizonsu, har fiye da kowa. Kayan wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4 da ɗoriya kawai suke ja, sai mutum ya ɗauka wayar gida ta isa ko'ina. Amma a ɓangaren batir, inda matsi bolt 12 ne, wat 1,000 ɗin nan amfiya 83 ce, kafin ma a ƙara asarar inbata. In kebur ɗin da ya haɗa batir da inbata turjiyarsa kashi ɗaya cikin ɗari na om ce kacal, 83 sau 83 sau 0.01 ya ba ka wat kusan 70 da ke tafiya a banza, ga kusan bolt guda da ya faɗi a hanya, har inbata ta riƙa kukan batir ya yi ƙasa alhali da sauransa. Ka mayar da tsarin bolt 24, kwarara ta koma 42, asara ta koma wat 17. A bolt 48 kwarara 21 ce, asarar ba ta kai wat 5 ba. Wannan ne dalilin da manyan inbatoci ba sa zuwa da bolt 12, kuma shi ne dalilin da ake ajiye batir dab da inbata da kebur mai kaurin yatsa.

Dabarar nan ce aka faɗaɗa ta zama layin wutar ƙasa. Tashar farko da Thomas Edison ya buɗe a Amurka a 1882 tana aika bolt 110 ne na wuta mai tafiya ta fuska ɗaya, kuma da ƙyar wutarta ke wuce kilomita ɗaya da rabi, asarar hanya ta cinye ta. George Westinghouse da Nikola Tesla suka yi galaba a kansa da wuta mai kai-komo, wato mai sauya fuska gaba da baya, wadda taransfoma ke iya ɗagawa da saukewa yadda aka ga dama. Wutar da ke tasowa daga Kainji da Jebba da Shiroro a bolt 330,000 take tafiya, ta bi ta Mando a Kaduna ta isa Kumbotso a Kano, daga nan a riƙa sauke ta mataki-mataki: 132,000, sai 33,000, sai 11,000, har ta iso taransfomar unguwa ta fito a 230 ɗin da ke shiga gida. Layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai mai 132,000 ne. Da za a aika wannan ƙarfi a bolt 11,000 maimakon 330,000, kwarara za ta ninka sau 30, asarar zafi kuma sau 900. Babu abin da zai iso Kano.

Abu ɗaya da ya kamata mai sayen janareta ya riƙe: a wuta mai kai-komo, wadda a nan take juyawa sau 50 a daƙiƙa, bolt sau amfiya ba kullum yake zama wat cif-cif ba. A hita da dutsen guga daidai ne. A kayan da ke da naɗin waya, kamar injina, kwarara tana ɗan jinkirta wa matsi, sai wani kaso ya riƙa kai-komo a waya ba tare da ya yi aiki ba. Shi ya sa ake rubuta kVA a jikin janareta, wato bolt sau amfiya a ƙirga da dubu-dubu, kuma a al'ada akan ninka da 0.8 a sami wat na gaske. Mai kVA 2.5 wat 2,000 ne, butar nan tamu ita kaɗai ta cika shi. Mitar gida kuwa wat take ƙirgawa tare da lokaci. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa guda, don haka butar tana cinye yunit a rabin awa, ƙwan LED mai wat 10 kuma sai ya yi awa ɗari kafin ya ci guda.

Jikin ɗan Adam shi ma turjiya ne, kuma dokar ba ta ɗaga masa ƙafa. Batirin mota yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya lokacin tayar da inji, amma ka kama kawunansa biyu da hannu ba ka jin komai, don bolt 12 ba zai iya tura abin a zo a gani ta busasshiyar fata ba, wadda turjiyarta ke kai dubban om masu yawa. Tsuntsu ya sauka a kan babban layi ya tashi lafiya, saboda ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, babu bambancin matsi tsakaninsu da zai tura komai. Amma mutumin da ya tsoma jiƙaƙƙen hannu a bokiti don ya ji ko hita ta ɗumama ruwa, yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka sami kusan rubu'in amfiya. Ƙasa da rabin wannan ya isa ya hargitsa bugun zuciya.

Fis mai amfiya 13 ko gezau ba zai yi ba a kan rubu'in amfiya, don waya aka sa shi ya tsare. Na'urar da ke tsare mutum daban ce, ana kiranta RCD, a akwatin rarraba wuta na gida ake ɗaura ta. Aikinta gwada abin da ya fita ta waya mai rai da abin da ya dawo ta nutiral. In bambancin ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, ta san wuta ta sami wata hanya zuwa ƙasa, wataƙila ta jikin wani, sai ta katse layin kafin daƙiƙa ta cika. A jikinta akwai ɗan maɓalli na gwaji, in ka danna wutar gidan ba ta ɗauke ba, a kira mai gyara ya canja ta.